Sawun Daro a Lungun Kwanyawa

Batir na uku ya ɓace ne ranar da matan unguwar suka tafi gaisuwar rasuwa a hayi. Turai matar Yusha'u ta dawo bayan la'asar, ta kunna fanka don ta kwantar da jaririnta, fanka ta ƙi motsi. Ta leƙa ƙarƙashin rumfar tsakar gida inda akwatin solarsu yake, ta tarar da shi a buɗe, babu batir, wayoyin wuta guda biyu suna reto.

Kafin magariba labari ya game Kwanyawa. A farkon damina ne gwamnati ta kawo tallafin sola: mai gida ya biya ɗan abin da aka yanka masa, gwamnati ta cika sauran, a kafa masa faranti a kan rufi, a ba shi batir da fitilu da fanka da wajen cajin waya. Rabin unguwar sun samu, rabi suna jiran rabo na gaba. Tun ɓacewar batir na biyu jami'in da ke kula da rabon ya aiko daga Ƙaraye cewa a ofis an fara zargin mutane ne ke sayar da kayan su ce an sace, kuma in aka sake ji, za a cire unguwar daga rabon da ke tafe.

Saboda haka ran kowa ya ɓaci, masu sola da masu jira. Samari suka je suka kamo Suhaibu, mai haɗa kayan, wanda ya zo daga Rogo yana kwana a ɗakin haya. Shi ne baƙo, shi ya san inda kowane batir yake. Sun taɓa lafiyarsa kafin Mai unguwa Ilu ya iso ya ƙwace shi, ya sa aka kulle shi a ɗakin 'yan sintiri don kada a ƙarasa shi. Sannan ya aika garin Beli a kira Dabo.

Dabo tsohon maharbi ne da ya koma bin sawun shanun sata. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata duk suna gidajen aure a Kano da Zariya, shi kaɗai yake zaune a gidan da a da ba a jin maganar juna saboda hayaniya. In aka kira shi aiki ba ya jan ciniki, don fita ta fi masa zama. Da hantsi ya iso a kan tsohon babur ɗinsa.

"Barka da zuwa, Malam Dabo. Ya hanya, ya iyali?" in ji Mai unguwa.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Iyali suna can inda suke."

"Jami'in nan zai zo gobe da yamma. Ina so kafin ya zo in san abin da zan faɗa masa. In yaron nan ne, a miƙa shi ga hukuma. In ba shi ba ne, kada in ɗauki alhakinsa."

* * *

Yusha'u ne ya shiga da shi gidansa, yana tafe yana faɗa.

"Ta nan ya hauro, ba ko shakka. Dubi yadda katangar take gajeriya."

Dabo ya bi katangar da ido, ya shafa ta da hannu. Yaɓen bana ne, ko ɗan akuya ya taka sai ya bar shaida. Babu ko ƙwarzane. Tsakar gida kuwa tas, an share ta da safe, babu abin karantawa.

Ya durƙusa gaban akwatin. Bakin kowace wayar wuta an naɗe shi da ɗan ƙyallen atamfa, an ɗaure da zare, ɗauri mai kyau.

"Kai ka naɗe su?"

"A'a. Haka muka gan su."

"Sauran gidaje biyun fa?"

"Haka suka ce su ma. Mene ne a ciki? Ɓarawo ai ɓarawo ne."

Dabo ya miƙe tsaye. Ya tambayi Turai, wadda ke tsaye daga bakin ɗaki da goyo, ko an kulle gida da suka fita. Ta ce ƙyauren zaure kawai aka ja, wa yake kulle gida da rana a garin nan? Ya tambaya ko yaran maƙwabta sun ga wani ya shiga. Ta ce ta tambaye su duka, sun ce ba su ga kowa ba.

A bayan katangar, daga waje, ya sami sawun takalmin taya, babba, na namiji. Yusha'u na gani ya tafa hannu.

"Sulle mai caji! Duk unguwar nan shi ke sa irin wannan. Ashe su biyu ne."

* * *

Suhaibu yana zaune a ƙasa a ɗakin 'yan sintiri, ido ɗaya a kumbure, leɓe a fashe. Saurayi ne siriri. Da ya ga Dabo sai ya yunƙura zai gaishe shi.

"Zauna abinka. In kai ne za ka cire batir, yaya za ka bar wayoyin?"

"Baba, wallahi ban cire ba."

"Ban ce ka cire ba. Tambayarka nake."

"Zan naɗe bakin da salatif ɗin wuta. Yana cikin jakata kullum."

"Da ƙyalle fa?"

Suhaibu ya dube shi da idonsa mai lafiya. "Ƙyalle kuma? Wa yake naɗe waya da ƙyalle?" Sannan ya ce, "Baba, ni na hau rufin gidajen nan cikin rana. Ranar da fitila ta kama a gidan Yusha'u, da hannunsa ya kawo mini fura. Jiya shi ya fara marina."

"Akwai wanda ya san kana nan, daga gida?"

"Babu. Kada a gaya wa mahaifiyata."

* * *

Rumfar Sulle tana bakin tasha. Janareto na gefe an lulluɓe shi da buhu, allon caji mai ramuka da yawa duk ƙura. Yanzu rake yake sayarwa. Kowa ya san sola ce ta kashe masa sana'a, kuma an sha jin sa yana tsine mata.

"Sawunka na gani a bayan gidan Yusha'u," in ji Dabo bayan sun gaisa.

"Nawa ne. Tunkiyata ce ta tsinke yau da asuba, a can na kamo ta. Jiya kuwa ina kasuwar Ƙaraye tun safe, direban da ya kai ni ya dawo da ni ga shi can a kan benci, tambaye shi."

Dabo ya tambaya, direba ya tabbatar. Dama Dabo ya lura sawun ya hau kan na kajin safiya, ba na jiya ba ne.

"Amma dai batir uku sun ɓace, ciniki ya ɗan dawo," in ji shi.

Sulle ya yi dariyar takaici. "Ina fa! Ko waya ɗaya ba a kawo mini ba. Mazan suna kaiwa gidajen abokansu. Matan kuma ban san inda suke kai nasu ba. Da ni na sata, ai da na ga amfanin satar."

* * *

Azahar ta yi. Dabo ya yi salla, ya sayi ƙuli-ƙuli, ya nemi inuwa a lungun da ya bi ta gefen gidan Yusha'u. Lungu ne ƙarami da babur ba ya bi, yashi ne mai laushi. Ya zauna ya jingina da bango yana ci shi kaɗai, yana tunanin ɓarawon da ya shiga gida uku da rana tsaka ba wanda ya gan shi, ya kuma tsaya naɗe waya don kada yaro ya taɓa.

Yara sun ce ba su ga kowa ba. Dabo ya san yara ba sa lissafa wanda suka saba gani kullum a cikin "kowa".

A nan idonsa ya faɗa kan wani zagaye a cikin yashi, dab da bango, inda ƙafa ba ta cika takawa ba. Zagaye ne sosai, ya nutse, irin wanda gindin daro yake bari in an sauke shi da kaya mai nauyi. Kusa da shi akwai sawun silifas ƙanana guda biyu a jere, sun fuskanci bango, ga kuma wurin da tafin hannu ya goge ƙurar bangon. Wani ya sauke kaya a nan, ya dafa bango yana mai da numfashi.

Ya miƙe ya bi lungun a hankali. Awaki sun tattake tsakiya, amma bai yi nisa ba ya sake ganin zagayen a gindin wata darbejiya. Ya ƙara gaba, ga shi kuma. Duk inda ya ci gaba, tazarar sai ta ƙara raguwa, mai kayan yana ƙara gajiya. Batir ɗin nan saurayi zai saɓa shi a kafaɗa ya kai Ƙaraye bai huta ba.

Zagaye na ƙarshe yana bakin wani tsohon zaure a ƙarshen unguwa. A kan rufin gidan akwai farantin sola wanda ya dafe, ya girmi na tallafi nesa ba kusa ba. Daga ciki kuwa muryoyin mata ne ke tashi, ana hira ana dariya, ana jin ƙarar ɓarar gyaɗa.

Dabo ya tambayi wata mata da ta zo wucewa da tulu gidan wane ne.

"Gidan Iya Talatu ne, ungozoma."

Ya koma gindin darbejiya ya zauna, har sai da matan suka fito ɗaya bayan ɗaya don ɗora girkin yamma, kowace da wayarta a hannu. Turai ce ta ƙarshe.

* * *

Ya yi sallama sau biyu kafin aka amsa. Iya Talatu tsohuwa ce ƙarama, ta rankwafa, tana tattara ɓawon gyaɗa a tsakar gida. Tabarmi uku a shimfiɗe. A jikin bango ga wani babban daron ƙarfe a kife, da gammo a kansa.

"Sannu da gida, Iya."

"Yawwa, sannu. Kai ne baƙon Mai unguwa, na Beli? Zauna, bari in kawo maka ruwa."

Ya zauna, ya sha, suka gaisa har da tambayar amfanin gona. Ya ce solarta ta daɗe.

"Ɗana Sadiƙ ne ya sa mini, shekarar da ya samu aiki a Legas. A lokacin duk unguwar nan babu mai ita sai ni."

"Yana zuwa?"

"Yana bugo waya. Ran Juma'a, in bai manta ba."

Dabo ya dubi daron, ya dube ta. Ita ma ta dubi daron. Hannunta ya tsaya a kan tsintsiya.

"Ya yi miki nauyi, Iya," in ji shi a hankali. "Kin sha hutawa a hanya."

Ta sake duban daron. Sannan ta ajiye tsintsiya, ta zauna a bakin tabarma.

"Suna ƙarƙashin gadona. Ban lalata ko ɗaya ba. Buhu na shimfiɗa musu saboda sanyin ƙasa."

"Me ya sa?"

"Malam, yawancin matan nan da ka ga sun fita, ni na yanke musu cibiya. Da aka gina asibiti aka daina kirana, ban ji haushi ba, can ya fi. Sai Allah ya kawo wannan abin na Sadiƙ. Mata ba sa zuwa rumfar Sulle cikin maza, nan suke kawo wayoyinsu. Kafin waya ta cika an yi hira, an ɓare gyaɗa, an yi wa yarinya kitso. Ban taɓa karɓar ko sisi ba. Da aka kawo na gwamnati, ni ma na yi musu murna." Ta goge bakinta da gefen mayafi. "Sai gidan nan ya yi tsit. In tashi da safe in share, in shimfiɗa tabarma, in naɗe ta da yamma ba wanda ya zauna. Ranar nan na wuni, sai da na zo yin sallar magariba na ji muryata ta shaƙe, na tuna ashe tun asuba ban yi magana da kowa ba."

Dabo ya sunkuyar da kai. Ya san irin wannan shaƙewar.

"Na shiga wani gida in duba mai jego, ba kowa, ga akwatin a buɗe. Dama na taɓa ganin yadda yaron nan Suhaibu yake kwance shi. Na ce in ajiye kwana biyu in mayar. Washegari sai ga matar gidan da wayarta, ita da maƙwabciyarta, suka wuni a nan. Sai na kasa mayarwa. Sai na ƙara."

"Kin san an daki Suhaibu?"

Ta ɗago da sauri. "Cewa suka yi an tsare shi ana tambayarsa."

"Idonsa ɗaya ba ya buɗuwa. Gobe za a miƙa shi ga hukuma, a kuma hana rabin unguwar nan tallafi."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta riƙe kai da hannu biyu. "Yaron da yake ce mini Kaka."

"Ni ba zan iya yin shiru ba, Iya. Amma in kina so, zan kai su wajen Mai unguwa in gaya masa shi kaɗai, ya san yadda zai rufa miki asiri."

Ta girgiza kai. "A gaban mutane aka dake shi. In an rufa, har ya mutu wasu za su ce shi ne. Gobe ka ce a tara su."

* * *

Da hantsi aka taru a ƙofar gidan Mai unguwa. Masu gidajen uku suna gaba, Sulle na gefe ya harɗe hannu, aka fito da Suhaibu aka zaunar da shi a kan benci. Mata suka tsaya daga cikin zaure suna leƙe.

Dabo ya miƙe. Ya ce ba a haura katanga ba, ta ƙofa aka shiga. Ya ce Sulle yana Ƙaraye a ranar. Ya ce wanda ya naɗe waya da ƙyalle ba mai sana'ar wuta ba ne, kuma wanda ya ɗauki kayan ba shi da ƙarfin da zai kai su ƙarshen lungu ba tare da ya sauke ba.

"To wane ne?" in ji Yusha'u. "Ka daina kewaye-kewaye, Malam."

Dabo ya juya yana kallon bakin lungu. Kowa ya juya. Iya Talatu ce tafe da daro a ka, an rufe shi da zane. Ta sauke a hanya, ta dafa bango, ta sake ɗauka. Wani saurayi ya taso zai karɓa mata, ta hana shi. Ta iso tsakiyar fili ta dire daron gaban Mai unguwa, ta yaye zanen.

"Ga ɗaya, ranka ya daɗe. Biyu suna ɗakina, a je a ɗauko. Ni na ɗauka. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya taya ni."

Kowa ya zuba wa batir ɗin ido. Yusha'u ya ja da baya.

"Iya," in ji Mai unguwa, "me kika rasa?"

"Mutane."

Daga cikin zaure wata ta fashe da kuka. Turai ce.

Iya Talatu ta ja jiki zuwa gaban benci, ta durƙusa. "Suhaibu, ka yafe mini don Allah."

Suhaibu ya kama hannunta ya tashe ta. "Ke na yafe miki, Kaka." Ya juya ya dubi samarin da Yusha'u. "Zan mayar da batiran yau, in ɗaure wayoyin. Rabo na gaba kuma a nemi wani ya haɗa. Ni na gama aiki a garin nan."

Yusha'u ya matso yana ba da haƙuri, Suhaibu ya ɗauki jakarsa ya wuce shi.

Da jami'in ya zo da yamma, Mai unguwa ya nuna masa batiran uku suna aiki, ya gaya masa gaskiyar abin da ya faru. Ba a cire unguwar ba. Masu gidajen suka ce ba za su kai tsohuwa ƙara ba. Matan kuwa suka yi ta rantsuwa cewa daga yau ba za a sake barin Iya ita kaɗai ba.

* * *

Bayan an gama kaka, wani aikin shanu ya biyo da Dabo ta Kwanyawa. Ya sayi goro da 'yar sukari, ya bi lungun. Ya tarar da kwaɗo a ƙofar zauren.

Turai ce ta hango shi, ta fito da goyonta suka gaisa.

"Labarin ya kai wa Sadiƙ har Legas," in ji ta. "Ya ce ta ja masa abin kunya. Ya zo da mota ya tafi da ita, ko sallama bai bari ta yi ba. An ce bene suke zaune, daga shi har matarsa aiki suke fita tun safe."

"Kun riƙa zuwa, kafin nan?"

Turai ta gyara goyo, ta kalli ƙasa. "Mun je da farko. Sai aiki ya yi yawa." Ta kunce bakin zaninta ta fito da ɗan mabuɗi. "Wannan ta jefo mini ta tagar mota. Ta ce solar tana nan, duk mai son caji a buɗe masa."

"Akwai wanda ya karɓa?"

"Babu. Rabo na biyu ya zo, kowa yana da tasa."

Dabo ya miƙa hannu. Ta dube shi, ta ba shi.

Ya buɗe ya shiga. Ganyen darbejiya ya cika tsakar gida. Ya sami tabarma a jingine a bayan ƙofa, ya kakkaɓe ta ya shimfiɗa. Ya ciro wayarsa, wadda cajinta bai ko kai rabi da sauka ba, ya jona ta, ɗan haske ya kama. Ya ajiye goro da sukari a gefen tabarma, inda mai gidan za ta zauna da tana nan, ya miƙe ƙafafu yana jira ta cika.